Kabarin da ya tsayar da katafila: tafiyata ƙasar Ayilan

Ɗan yayata injiniyan gine-gine ne a tsakiyar ƙasar Ayilan, a wani gari da ake kira Athlone. Da matarsa ta samu juna biyu sai ya aiko mana da takardar gayyata, ni da mahaifiyarsa. Yaya ba ta taɓa hawa jirgi ba sai na aikin Hajji, shi ya sa aka ce in yi mata rakiya. Ni sana'ata gini. Da kwanon sarki a ka na fara, na zama birkila, har Allah ya kai ni ga karɓar ƙananan kwangiloli a Kano.

Ayilan tana cikin Tarayyar Turai amma bizarta daban ce, ta Shengen, wadda ake shiga yawancin ƙasashen Turai da ita, ba ta shigar da mutum. Yuro 60 muka biya kowannenmu, ban da kuɗin dillalan karɓar takardu da na motar Abuja. Kafin komai ya kammala suna ya wuce, ta waya muka ga ragon. Muka tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano a watan Yuni, muka sauya jirgi a Doha, muka sauka Dublin da hantsi. Jami'in shige da fice ya nemi takardar gayyata da tikitin komawa, ya tambayi adireshin da za mu sauka, ya buga hatimi. Kilishin da Yaya ta so ta kai wa mai jego a gida muka bar shi, don Injiniya ya riga ya gargaɗe mu cewa ba a shiga da nama ko madara daga wajen Turai. Kuka da daddawa da yaji ne suka samu wucewa.

Daga filin jirgi zuwa Athlone tafiyar awa ɗaya da rabi ce a mota. Yaya ta yi ta sauraron inda za a tsayar da mu, har muka isa ba mu ga shinge ko ɗaya ba. Kuɗin hanya dai akwai. A babban titin da ya zagaye Dublin ma babu ƙofa babu mai karɓa, kyamara ce take ɗaukar lambar mota, mutum ya biya daga baya ta intanet. Hagu da dama ciyawa ce shar, shanu da tumaki kowanne garke cikin shingensa, ba makiyayi a bayansu.

Abin da ya fi wahalar da mu shi ne rana. A watan Yuni sai wajen ƙarfe goma na dare take faɗuwa, isha'i ta kusa sha biyu, kafin mutum ya yi barcin kirki asuba ta yi. Ga yayyafi da ba ya sallama, yanzu rana yanzu ruwa. A gidan Injiniya muka sauka, wanda ya rage mana kuɗin masauki, don ɗakin kwana ɗaya a garin sai ya haura Yuro 100. Abincinsu dankalin turawa ne safe da yamma, da burodi mai nauyi, da shayi da madara. Akwai mahauci mai naman halal a garin, akwai shagon 'yan Afirka, don haka tun daren farko Yaya ta karɓe kicin, tuwo ya dawo.

Wata safiya Injiniya ya ce da ni, "Kawu, yau ka zo ka ga irin aikinmu. Maƙabarta muke gyarawa."

Wani ƙauye ne a gundumar Offaly, ba nisa da kogin Shannon. Tsohuwar maƙabarta ce a kan ɗan tudu, da kangon coci a tsakiya, katangar dutse ta zagaye ta. Ruwa yana taruwa a gindin katangar har wani ɓangare ya tuzgo ya zube. Aikin kamfaninsu shi ne su ja magudanar ruwa ta waje, su sāke ɗora abin da ya zube. A ƙiyasina, aikin mako guda ne da leburori huɗu. Aka ba ni hular kwano da riga mai ƙyalli, aka nuna mini inda zan tsaya kada in wuce.

Abin da na fara lura da shi bokitin katafilar ne. Ƙarama ce, kuma bokitinta ba haƙora, bakinsa a miƙe yake sumul. Na tambayi dalili. Injiniya ya nuna mini wata mata sanye da takalmin roba, tana tsaye dab da bakin ramin, ƙaramin cokalin magini a hannunta. Ya ce masaniyar binciken kufai ce, kuma muddin ba ta wurin direba ba zai kafa bokiti a ƙasa ba. Haƙora suna yayyaga ƙasa su cakuɗa ta. Bokiti mai sumul kuwa yana shafe ta ne kaɗan-kaɗan, abin da bai wuce faɗin yatsu uku ba, ya bar fuskarta a share yadda za a iya karanta launinta.

Ban taɓa ganin haƙa mai sanyi irin wannan ba. Direba ya ja, ya tsaya, ya dubi matar. Ta sunkuya, ta kankare wuri da cokali, ta gyaɗa kai, ya sāke ja. A raina ina lissafin man da injin yake sha da kuɗin yinin direba. Da aka tashi shan shayi na samu zama da ita, Injiniya yana taimaka mini inda Turancinsu ya yi mini sauri. Ta ce katangar da muke gani ba ta wuce shekara ɗari biyu ba, amma wurin kansa mazaunin ruhubanawan Kirista ne tun sama da shekara dubu. Irin waɗannan wurare da ganuwa mai zagaye ake kewaye su, wani lokaci biyu ko uku, ɗaya cikin ɗaya, kuma sun fi maƙabartar yanzu faɗi nesa ba kusa ba. Ta nuna mini yadda hanyar ƙauyen ta lanƙwasa ba dalili, da yadda shingen wata gona ya ci gaba da lanƙwasar. Ta ce sawun tsohuwar ganuwar ke nan. Saboda haka wajen katanga, inda kowa yake ɗauka fili ne, nan ne ma aka fi tsoron a ci karo da mutane.

Ta kuma bayyana mini dokar. Tun 1930 ƙasar take da dokar da ta hana haƙar kayan tarihi sai da lasisi. Lasisin da sunan mutum ɗaya ake bayar da shi, don aiki ɗaya, bayan ya rubuta yadda zai gudanar da shi. Duk abin tarihi da aka tono wanda ba a san mai shi ba na ƙasa ne, gidan tarihi na ƙasa da ke Dublin ne yake da iko da shi. In an gama, ko ba a samu komai ba, dole ta rubuta rahoto ta miƙa, a ajiye don wanda zai zo haƙa a wurin nan gaba. Kuɗin aikinta kuma yana cikin lissafin kwangilar tun farko, layinsa daban, kamar na yashi da na dutse.

Bayan azahar ta ɗaga hannu. Direba ya kashe injin nan take, bai jira Injiniya ba. Tun da safe ana samun gutsattsarin ƙashi a ƙasar sama, tana ware na dabba daban na mutum daban, tana sa wa a jaka da lamba, har da dunƙulen kashin maƙera guda biyu. Wannan karon daban ne. Ƙasar ta sauya launi, wani dogon tabo mai duhu ya fito a cikin jar tsakuwa. Ta durƙusa da cokali da burushi, a hankali, har gefen ƙoƙon kai ya bayyana, sannan ƙashin kafaɗa a inda ya kamata ya kasance. Zurfin bai kai gwiwata ba.

Mutum ne kwance a rigingine, kansa yamma ƙafafunsa gabas. Babu ƙusa ko ɗaya, alamar ba akwati. Ta ce mutanen wancan zamani yawanci a likkafani ake naɗe su a sa su a ƙasa, ba kaya ba ado. Jikina ya yi sanyi. Na sha tsayawa a bakin kabari a Kano, na sha karɓar gawa a cikin rami, kuma ga wani bawan Allah a ƙarshen duniya an rufe shi kusan yadda muke rufe namu, sai dai mu a kan gefen dama muke kwantarwa, fuska na duban alƙibla. Hadisin nan ya faɗo mini, cewa karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye. Da bokiti mai haƙora ne, da ja ɗaya ya raba shi biyu ba wanda ya sani.

Ba ta ci gaba da tonawa ba. Ta ɗauki hoto, ta auna, ta zana, ta rufe shi da wani farin ƙyalle ta zuba yashi mai laushi a kai. Sannan ta shiga buga waya: hukumar kula da wuraren tarihi, gidan tarihi na ƙasa, da 'yan sanda, don duk ƙashin mutum da aka gani sai an tabbatar ba na kwanan nan ba ne. Na ɗauka aiki ya mutu ke nan, na fara tausaya wa Injiniya. Sai na ga ya kwashe ma'aikatansa ya mayar da su kan katanga. A can ma na ƙaru. Ba sa taɓa siminti. Farar ƙasa suke kwaɓawa da yashi, don siminti ya fi tsohon dutse tauri, yana kulle ruwa a ciki har dutsen ya fashe, ita kuwa farar ƙasa tana barin bango ya yi numfashi. Duk wanda ya ga yadda shafen siminti yake ɓamɓarowa daga ginin ƙasa a cikin birni ya san wannan magana. Kowane dutse da ya faɗo an ɗauki hotonsa, masaniyar ta juya shi ta duba ko akwai zane kafin a mayar, don sau da yawa magina na dā sukan ɗauki tsohon dutsen kabari su cusa a katanga.

Kafin mako ya zagayo amsa ta zo. Ba za a ɗaga mamacin ba. Magudanar ce za ta kauce, a rage mata zurfi, a bi da ita ta inda aka riga aka tabbatar ba kowa. Injiniya ya sāke zane a dare ɗaya. Ƙarin bututu ne kaɗan da jinkirin 'yan kwanaki. Na yi lissafin da kaina a takarda, abin bai kai yadda na zata ba.

Masaniyar ce ta ce lallai in je Clonmacnoise kafin in koma, in ga uwar irin waɗannan wurare. Daga Athlone kilomita ashirin ne da 'yan kai, ta ƙananan hanyoyi masu ratsa fadamu. Kuɗin shiga a lokacin Yuro 8 ne. Yaya ta ce ita ba ta ga abin kallo a maƙabarta ba, ta zauna da jikanta.

Wani malamin Kirista mai suna Ciarán ne ya kafa wurin a tsakiyar ƙarni na 6, wato kafin haihuwar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ɗan kafinta ne, kuma bai cika shekara a wurin ba annoba ta ɗauke shi yana da shekara 33. Amma ya iya zaɓen wuri. Kogin Shannon, wanda ya fi kowanne tsawo a ƙasar, yana bi daga arewa zuwa kudu, wani dogon tudun tsakuwa kuma yana ratsa fadamu daga gabas zuwa yamma, shi ne babbar hanyar ƙasa a lokacin. A mahaɗarsu ya kafa turakunsa. Wurin ya zama garin karatu da sana'a da kasuwa, sarakuna suna neman a binne su a can. Babban cocin an gina shi a 909, kuma a cikinsa aka binne Ruaidrí Ua Conchobair, babban sarkin Ayilan na ƙarshe, wanda ya rasu a 1198. Akwai hasumiyar dutse mai zagaye da aka kammala a 1124, tsawa ta faɗa mata a 1135 ta sare kanta. Abin da ya rage ya kusa mita 20, ya ɗara hasumiyar Gobarau ta Katsina kaɗan. Na daɗe a gindinta ina duba yadda aka sassaƙa kowane dutse da ɗan lanƙwasa don ya bi zagayen. An sha kai wa garin hari, 'yan Viking, maharan teku daga arewacin Turai, sun kai, sarakunan ƙasar sun kai, Normawa da suka tsallako daga Ingila sun kai, har sojojin Ingila da ke Athlone suka wawushe shi a 1552, bai sāke tashi ba.

Manyan gicciyen dutse da ke waje kwafi ne. Na ainihi an shigar da su cikin gini a farkon shekarun 1990 saboda ruwa da iska suna cinye zanen. Mafi shahara ya kai mita 4, kuma ko da za a ɗaga shi sai da masu bincike suka tona gurbinsa, suka samu kaburbura da alamar cewa gicciyen katako ne a wurin kafin na dutse. A ciki kuma akwai allunan kabari, daga cikin sama da 600 da aka samu a wurin, yawancinsu da ɗan rubutu mai roƙon a yi wa wane addu'a. Roƙon da yake kan allunan maƙabartunmu ke nan.

Amma labarin da ya fi kama ni na sabuwar maƙabarta ne, wadda take gabas da tsohuwar, inda mutanen yankin suke binne nasu. A 1990 ana haƙa kabari aka ci karo da dutse mai tsohon rubutun ƙasar, irin na zāne-zāne a gefen dutse. Daga nan aka gane cewa duk kabarin da aka haƙa a filin yana huda wani abu. Wata masaniya mai suna Heather King ta shafe shekarun 1990 tana tona filin kafin a ci gaba da binnewa. Ta samu gurabun gidaje, da titi mai daɓen tsakuwa, da wuraren busar da hatsi, da maƙeru, da inda ake sassaƙa mataji da ƙahon barewa. Ashe gari guda ne a ƙarƙashin ciyawa. A 1994 kuma masu nutso suka gano turakun wata gada a ƙarƙashin kogin. Da aka ƙirga zoben shekaru na itacen, aka samu an sare shi wajen shekarar 804. Tsawonta ya kai mita 120. Na tsaya a bakin ruwan ina tunanin yadda aka kafa turaku a cikin laka mai zurfi ba inji ba rodi, kuma ina da yaƙinin wanda ya jagoranci aikin nan ya fi yawancinmu sanin ƙasa da ruwa.

Abu ɗaya bai kwanta mini ba, kuma na faɗa wa masaniyar da muka sāke haɗuwa. Ba kullum ake barin mamaci a inda yake ba. In babbar hanya ce ba ta kaucewa, sai a kwashe. A Ballyhanna da ke arewa maso yammacin ƙasar, aikin titi a 2003 ya faɗa kan maƙabartar da kowa ya manta da ita, aka ɗaga mutum sama da 1,200, aka yi shekaru ana nazarin ƙasusuwansu. Na ce mata ilimin da aka samu ban raina shi ba, amma mutum ba tukunya ba ne da za a ajiye shi a kwali a kan kanta, wanda aka ɗaga ya kamata a mayar da shi ƙasa. Ta ce ko a tsakaninsu ana wannan muhawara, shi ya sa abin da doka ta fi so shi ne a bar komai a gurbinsa in da hali. Ba mu daidaita gaba ɗaya ba, amma ta saurare ni da kyau.

A hanyar komawa Athlone Kano ce a raina. Birnin da aka fara yi wa ganuwa tun zamanin Sarki Gijimasu, wajen shekara 900 da suka wuce, wanda maƙera suka zauna a Dala tun kafin nan, kullum ana haƙa fandisho a cikinsa. Duk maginin da ya daɗe a cikin birni ya ga abin da diga take fitarwa: tsingaro, tsofaffin rijiyoyi, bakin marina, wani lokaci ƙashi. Mai tsoron Allah yakan tattara ƙashin ya sa a rami ya rufe, wannan kuwa abu ne mai kyau. Sauran sai tifa ta kwashe a cike kududdufi. Badala kuma ga ta nan, wani wuri an ɗebe ta an yi bulo, wani wuri shaguna sun hau kanta. Muna da hukumar kula da gidajen tarihi tun 1979, muna da sashen koyar da binciken kufai a jami'ar Zariya da yake yaye ɗalibai duk shekara, da yawansu ba aikin yi. Abin da ban taɓa gani ba shi ne takardar izinin gini da aka rubuta a ciki cewa sai ɗayansu ya tsaya a bakin rami. A Durɓi ta Kusheyi ta ƙasar Katsina an tono kayan sarauta da suka ba duniya mamaki. Wa ya san abin da yake ƙarƙashin Kurmi ko Madabo?

Da na faɗa wa Injiniya haka sai ya ce, "Kawu, a nan ma ba son ransu ne ya kawo haka ba, doka ce, kuma mai aiki ne yake biya." Na ce to ai mu ma mun saba biyan abin da bai kai wannan amfani ba.

Muka yi sallama da mai jego da jariri, Yaya tana hawaye tun daga ƙofar gida har filin jirgi. Dawowa ta Doha ce, da jiran awa bakwai a kan kujera, muka sauka Kano cikin zafin da ya bugi fuska tun daga matakalar jirgi. Ina da wani aiki da yake jirana a cikin birni, rushe tsohon gidan ƙasa a gina na bulo. Na kira mai katafilar da nake haya, na ce ya kai bokitinsa wajen mai walda a liƙa masa faffaɗan ƙarfe a kan haƙora, ni zan biya. Na kuma sa ɗana ya nemo mini wani abokinsa da ya karanta binciken kufai a Zariya, muka yi ciniki a kan kuɗin yini, zai zo ranar da za a fara haƙa. Mai gidan ya tambayi dalilin ƙarin kuɗin, na zauna na ba shi labarin nan tun daga farko. Ya ce zai biya rabi, in biya rabi.